Yadda aka sha fama kafin ɗan ƙaramin layin dogo na wani dattijo a Agege ya fito a hoto

## Asalin lamarin

Wanda abin ya shafa dattijo ne ɗan asalin Zariya da ya yi aikin reluwe har ya ajiye. Farkon aikinsa a tashoshin Arewa ya yi shi, ƙarshensa a Ebute Metta, inda hedikwatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya take. Yana zaune da iyalinsa a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, dogo kuma ya ratsa tsakiyar unguwar.

Da ya samu hutu sai ya ware ɗaki guda, mita 3.5 tsawo da mita 3 faɗi, ya sa kafinta ya ɗora masa falanki mai santimita 244 da 122 a kan ƙafafu. A kan falankin ya gina 'yar tashar karkara irin ta layin Kano zuwa Nguru, layin da aka kammala a 1930, wanda a wancan zamani gyaɗa ta fi komai cika taragunsa. Akwai ofishin shugaban tasha mai rufin kwano, da tankin ruwa, da sigina, da rumfar kaya, da dalar gyaɗa wadda ya ɗinka buhunanta da hannunsa. Kukoki biyu da waya ya murɗa su, darbejiyoyin kuma da soso ya yi musu ganye. Ƙasar wurin jar ƙasa ce ta gaske, an tankaɗe da rariya an liƙa da gam. Kan jirgin da taragu shida waɗanda aka taɓa amfani da su ne, ɗansa ya aiko daga Turai, shi kuma ya sake musu fenti.

An yi komai a ma'aunin da masu wannan sha'awa ke kira HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman gaske. Mutum mai tsawon mita 1.7 yakan koma kusan santimita 2. Falankin gaba ɗayansa filin mita 212 ne da 106. Jirgin kuwa, daga kai zuwa taragon ƙarshe, ya ɗan haura mita ɗaya.

Tsofaffin abokan aikinsa suna da zaure a WhatsApp. Su ne suka yanke shawarar buga kalandar 2025, suka nemi hotuna 6 na tashar, kowanne girman takardar A3, santimita 42 da 29.7. Dattijon ya gindaya sharuɗɗa uku: jirgin ya fito tangaran daga kai har wutsiya, jar ƙasa ta fito da launinta, kada kuma a ga ɗaki a cikin hoton.

## Nuwamba 2023: hotunan waya

Jikarsa ce ta fara, ɗaliba a wata babbar makaranta a nan Legas. Ta tsaya a bakin tebur, ta ɗaga waya daidai ƙirjinta, ta ɗauka. Hasken ɗakin ƙwan fitila ɗaya ne a tsakiyar silin, sai taga ta gabas. Abin da ya fito tebur ne da kayan wasa a kai, labule a baya, makunnin wuta a bango ya fi ofishin tasha girma. Ta sake gwadawa da saitin da ake ɗaukar hoton mutum, wanda ke dusashe baya. Tankin ruwa ya fito sarai, sauran tashar ta narke, rassan kuka suka yanke a iska. Da aka tura zauren, wani ya tambaya ko na jikoki ne. Dattijon bai ba shi amsa ba.

## Disamba 2023: an kira mai hoton biki

Sai aka ɗora laifin a kan waya, aka kira wani matashi mai ɗaukar hoton biki da suna a unguwar. Ya zo da babbar kyamara, da gilashi mai milimita 50, da filasha a samanta.

Da filasha ya fara. Dogayen suka yi walƙiya, rufin kwanon ofis ya zama fari fat babu ko layi, bayan falankin ya yi duhu, inuwar kuka ta faɗa jikin bango baƙa ƙirin. Ya kashe filasha ya ce, "Baba, hasken ne ya yi kaɗan, bari in buɗe mata ƙofa." Ya mayar da ƙofar haske f/2.8 (ƙaramar lamba buɗaɗɗiyar ƙofa ce, babba kuma tsukakkiya), ya matso har santimita 40 daga kan jirgin. Fitilar gaban jirgin ta fito har ana ganin sawun burushi, amma tagar direba, wadda ke bayanta da 'yan santimita, ta riga ta yi dishi-dishi. Taragu kuwa sai dai a ce akwai wani abu a wurin.

Lissafin abin a fili yake. Kyamara ba ta iya fito da komai sarai a lokaci guda. Akwai wani yanki daga gaba zuwa baya da ke fita tangaran, abin da ya wuce shi sai ya dusashe, kuma duk matsowar da aka yi yankin ƙara tsukewa yake. Da wannan gilashi a wannan tazara, a f/2.8, zurfin yankin kimanin milimita 6 ne kacal. A f/8 ya kusa santimita 2. A f/22 ya kai wajen santimita 5. Jirgin kuma ya haura mita.

Matashin ya gwada f/22. Ƙofar ta tsuke, haske ya ragu, kyamara ta buƙaci ta daɗe ido a buɗe, shi kuma a hannu yake riƙe da ita, hoto ya girgiza. Ya ɗaga ISO, wato saitin saurin kama haske na kyamara, zuwa 6400 don ya gaggauta ta, hoto ya cika da tsaba-tsaba, jar ƙasa ta koma ruwan toka. Ko a 'yan wuraren da saiti ya kama, layukan ba su yi kaifin da suka yi a f/8 ba, domin idan ƙofar ta ƙanƙance sosai haske yakan watsu a gefenta. Da zai tafi ya faɗi gaskiya: "Baba, amarya fuska ɗaya gare ta, in na kama ido na gama. Wannan naka kowane lungu fuska ne." Ya rage kuɗin da aka yi ciniki da kansa.

## Janairu 2024: ƙura da wuta

Jikar ta aro kyamara irin ta matashin a wurin ƙawarta, mai gilashin 18 zuwa 55, ta sayo sandar kyamara mai ƙafa uku a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Girgiza ta ƙare daga ranar, musamman da ta koyi sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawar yatsa ta motsa kyamara. ISO ya sauko 100, tsaba-tsaba ta tafi.

Wasu matsaloli biyu suka maye gurbi. An ƙara ƙwayayen fitila uku a ɗakin, ba a duba kwalinsu ba. Biyu farare ne masu lambar launin haske 6500K, ɗaya mai ruwan ɗorawa 2700K, ga kuma hasken taga. A ido ɗakin ya yi tar. A hoto rabin tashar ya yi shuɗi-shuɗi, rabin ya yi ja, kowane abu da inuwa uku. Idan aka gyara launin gefe ɗaya a kwamfuta sai ɗayan ya ƙara lalacewa. Hotunan da aka ɗauka da waya kuma suka riƙa fitowa da ratsi-ratsi masu duhu. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila mai araha yana ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani, kyamara mai sauri tana kamawa. In an ɗauke wuta aka tayar da ɗan janareta abin yakan ƙaru, har hasken ya riƙa hawa da sauka tsakanin hoto da hoto.

Ta biyun ƙura ce. Hunturun Legas bai kai na Arewa ba, amma hazon Disamba da Janairu yana isowa, kuma gidan yana kusa da titi. Da aka buɗe hoto a babban allo sai ga rufin taragu fari-fari, ga silin gashi kwance a kan dogo. Ɗigon ƙura mai milimita 1 a wannan ma'auni dutse ne mai kusan santimita 9. Dattijon ya ɗauko tsumma, jikar ta riƙe masa hannu: "Tsoho, da wannan za ka share sigina ka haɗa da mai sigina." Aka koma ga burushin hoda na mata, sabo, da 'yar robar hura iska ta masu gyaran agogo. Daga lokacin ake lulluɓe falankin da leda in ba a aiki.

## Fabrairu 2024: an sauko da ido ƙasa

Wata Asabar dattijon ya kai jikar harabar reluwe ta Ebute Metta, gidan Jaekel, ginin 1898 da aka mayar ɗan gidan tarihi, inda aka rataye tsofaffin hotuna aka jera kayan aikin dogo. Niyyarsa ya nuna mata inda ya yi aiki. Ita kuma abin da ta lura da shi daban ne: a hotunan jirage na gaske mai ɗauka a ƙasa yake tsaye, jirgin ya fi shi tsawo, ana ganin ƙafafun jirgi da ƙasan tarago, rufi ba ya fitowa. A hanyar dawowa ta tsaya a bakin dogo a Agege ta duba da idonta, haka abin yake.

Da suka iso gida ta ɗauko tef ɗin tela. Duk hotunan da aka yi tun Nuwamba, gilashin kyamara yana kimanin santimita 70 sama da dogon. A ninka da 87, mita 61 ke nan, tsayin bene mai hawa 20. Ko daga kan gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, ba a kallon jirgi daga wannan nisa. Idon mutumin da ke tsaye a tashar santimita 2 ne daga falanki, koma ƙasa da haka kaɗan.

Sauko da kyamara bai zo da sauƙi ba. Babbar kyamara in an ajiye ta a kan falanki, tsakiyar gilashinta yana santimita 4 zuwa 5 a sama, wato mita 4, kamar wanda ya hau rufin rumfar kaya. Ga shi kuma tana danne bishiyoyi. Hanya biyu aka bi. A hotunan da ake iya ɗauka daga gefe, aka kafa sandar a wajen teburin, aka sauke ta har rabin gilashin ya nutse ƙasa da bakin falanki. A hotunan cikin tasha kuwa, tsakanin rumfa da dalar gyaɗa, waya ce ta dawo: an kifa ta kai ƙasa, idonta ya sauko kusa da santimita 2, an tokare ta da ɗan katako. Wayar da aka zarga a Nuwamba tana da wata fa'ida ma. Idonta ƙarami ne, saboda haka zurfin abin da take fitowa da shi sarai ya fi na babbar kyamara, muddin an kashe saitin dusashe baya.

Da ido ya sauko sai bango ya cika rabin hoton. Aka sayo farin kwali mai faɗi, aka yi masa fenti marar ƙyalli, shuɗi mai haske a sama, yana komawa fari-fari a ƙasa irin sararin rani. An lanƙwasa shi a kusurwar ɗakin don kada layin kwana ya fito, an kuma ja shi baya santimita 30 daga bishiyar ƙarshe. Hoton farko da aka yi haka, kan jirgin yana tsaye gaban tankin ruwa, shi ne na farko da dattijon ya ce a tura zauren.

## Maris da Afrilu 2024: rana ɗaya, hotuna da yawa

An kashe ƙwayayen silin, an toshe taga da bargo. Aka samo fitila ɗaya mai aiki da batir, mai lamba 5500K, kusa da launin hasken rana. Da farko an ajiye ta santimita 50 daga bakin falanki. Gefen da ke kusa ya ƙone, na nesa, mai santimita 150, ya yi duhu. Haske yana raguwa ne da ninkin tazara a kanta: nisa ya ninka sau 3, haske ya ragu sau 9. Aka fitar da fitilar ta bakin ƙofa, aka ɗaga ta sama, mita 2 daga gefen kusa, mita 3 daga na nesa. Bambancin ya sauko zuwa ninki biyu da kwata, inuwowi suka kwanta gefe guda, kamar yadda suke yi da hantsi. A ɗaya gefen aka jingina farin kwali don ya mayar da ɗan haske ƙarƙashin taragu. An nuna wa kyamara farar takarda a ƙarƙashin fitilar aka kulle saitin launi da hannu. Jar ƙasa ta fito ja. Hasken ya yi rauni, amma tunda jirgin a tsaye yake, kyamara tana kan sanda, sai aka bar ta ta buɗe ido daƙiƙa 1 zuwa 2.

Saura sharaɗin farko, na kai har wutsiya. Jikar ta samo dabarar da masu ɗaukar hoton ƙwari da furanni ke amfani da ita. Ana barin kyamara wuri ɗaya a f/8, a mayar da saiti na hannu, a kama abin da ya fi kusa, a ɗauka, a juya zoben kaɗan, a sake ɗauka, har a kai bishiyar ƙarshe. Daga nan manhajar kwamfuta, irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ko Photoshop, ta zaɓo wurin da ya fita sarai a kowane hoto ta haɗa su guda. A kusa taku ƙanana ake yi, kimanin santimita 1, can baya kuma ana iya tsallaka santimita 8 ko 10, domin zurfin yana ƙaruwa da nisa. Kowane hoton da aka haɗa ta wannan hanya ya ci ɗauka tsakanin 15 da 25.

Gwajin farko ya fito da gyambo biyu. Akwai wata ɗamara mai dishi-dishi a tsakiyar tarago na uku, inda aka yi taku mai faɗi. Darbejiyoyi kuma suka fito biyu-biyu, domin fanka tana kaɗa ganyen soso tsakanin ɗauka da ɗauka. Dole aka kashe fanka. Wanda ya san zafin Maris a Legas, a ɗakin da aka toshe wa taga, ga azumi ya kama ranar 11 ga watan, ya san abin da wannan ke nufi. Aikin ya koma bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi, kuma dattijon aka hana shi dafa tebur. Ya yi ta mita cewa an mayar da shi baƙo a tasharsa. Kafin ƙaramar salla, 10 ga Afrilu, hotuna huɗu sun kammala.

## Yuni da Yuli 2024: damina

Danshi ya lanƙwasa kwalin sararin sama ya yi tudu-tudu, hasken gefe ya fito da kowane tudu. Aka liƙa shi a jikin siririn falanki. An gama sauran biyun da waya, cikin tasha, ba tare da haɗa hotuna ba. Wayar mai megafiksel 12 ce, a girman A3 tana ba da ɗigo kusan 240 a kowane inci, wanda ya wadatar ga abin da za a rataye a bango.

## Sakamako

An kai hotuna 6 wurin bugu a watan Oktoba, kalandar ta fito kafin ƙarshen shekara. Sharuɗɗan uku sun cika a hotuna biyar. Na shida, wanda ke fuskantar kan jirgin gaba da gaba, ya jawo magana a zauren. Wani tsohon direba ya rubuta cewa, "Alhaji, hoto ya yi, amma dogon nan naka ya yi faɗi, wannan ba namu ba ne." Gaskiyarsa. Dogon HO faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda ya yi daidai da milimita 1,435, irin sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Tsohon layin Arewa milimita 1,067 ne, a wannan ma'auni kusan milimita 12 ya kamata ya zama. Shekaru ana kallon falankin daga sama ba wanda ya lura, sai da kyamara ta sauko inda direba ya saba tsayawa.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

In aka jera gyare-gyaren bisa amfaninsu, sauko da kyamara zuwa santimita 2 shi ne kan gaba, kuma ko kwabo bai ci ba. Ido yana gane ƙaramin abu ne da alamomi biyu, kallo daga sama da saurin dusashewar baya, domin haka muka saba ganin abin da ke kan tebur. Wata uku na farko an yi ta ƙara wa hoton waɗannan alamomin ne ana zaton gyara ake yi: tsayuwa a bakin tebur, saitin dusashe baya, f/2.8. Fitila ɗaya daga nesa ita ce ta biyu, don ita ta gyara launi da inuwa da ratsi a lokaci guda. Haɗa hotuna ya cika sharaɗin da dattijon ya fi damuwa da shi, amma a ganina an ɗan wuce gona da iri a hoto ɗaya, inda har kwalin baya ya fito da sawun fenti. Da an tsaya a bishiyar ƙarshe da ya fi.

Kiran mai hoton biki a Disamba gaggawa ce. Kayan aikinsa ba su da laifi, irinsu aka yi amfani da su daga baya. An dai kira shi ne tun ba a san me ake nema ba. Daga cikin abin da aka kashe wa kuɗi, sandar kyamara da fitilar batir ne suka biya kansu, ƙwayayen fitila ukun kuwa asara ne.

Abu biyu ba su warware ba. Dattijon ya ƙi tayar da dogon ya sa mai milimita 12, domin sai an canja ƙafafun kowane tarago da na kan jirgin, don haka yanzu daga gefe ko a karkace ake ɗauka, inda faɗin ba ya nunawa. Hoton jirgin yana tafiya kuma har yau ba a samu ba. Gudun kilomita 50 a awa a wannan ma'auni santimita 16 ne a daƙiƙa. Haɗa hotuna ba ya yiwuwa ga abu mai motsi, kuma ko a kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa jirgin ya gusa milimita 1.6, saurin da fitilar batir ɗaya daga bakin ƙofa ba za ta iya ba wa haske ba.